Saƙifa da Gadir: Mu Daina Ɓoye wa 'Ya'yanmu Abin da ke Cikin Littattafanmu

Duk yaron da ya yi Islamiyya a ƙasar nan zai jero maka halifofi huɗu ba gargada: Abubakar, Umar, Usman, Aliyu. In ka tambaye shi yadda aka yi Sayyidina Abubakar ya zama halifa, zai ce sahabbai ne suka taru suka zaɓe shi, a nan kuma karatunsa ya tsaya. Sai ya kai shekara ashirin, yana riƙe da waya, wani ya turo masa bidiyo na minti uku. A ciki ana cewa Sayyidina Aliyu ya yi wata shida bai yi mubaya'a ba, Nana Fatima kuma ta rasu tana fushi da halifa, ga hoton shafin Bukhari an ja layi a ƙarƙashi. Yaron ya garzaya wurin malaminsa, malam ya ce ƙaryar 'yan Shi'a ce, kada ya ƙara saurare. Ya koma gida ya buɗe Bukharin da ke cikin wayarsa, ya tarar hadisin yana nan, kuma Nana A'isha ce ta ruwaito shi. Daga ranar ya daina sakin jiki da malaminsa, ko da bai furta ba.

Ni Ahlus Sunna ne, a Malikiyya na tashi, kuma na gamsu cewa halifancin Abubakar daidai ne. Wannan gamsuwar ce ta sa nake ganin ɓoye tarihin nan da muke yi kuskure ne babba. Wanda ya yarda da hujjarsa ba ya tsoron a buɗe littafi.

Manzon Allah (SAW) ya yi wafati ranar Litinin, cikin Rabi'ul Awwal na shekara ta 11 bayan hijira, wato 632. Tun kafin a binne shi, Ansar, wato sahabbai 'yan asalin Madina, suka taru a rumfar Banu Sa'ida, wadda ake kira Saƙifa, suna shirin naɗa Sa'adu ɗan Ubada, shugaban Khazraj. Garinsu ne, su suka karɓi Annabi lokacin da Makka ta kore shi, 'ya'yansu suka faɗi a Uhudu, don haka ba abin mamaki ba ne su ga suna da hakki. Labari ya iske Abubakar da Umar, suka tafi, Abu Ubaida ɗan Jarrah yana tare da su. Aka yi musu sosai. Wani daga cikin Ansar ya ce a naɗa shugaba biyu, ɗaya daga gare mu, ɗaya daga gare ku. Abubakar ya ce Larabawa ba za su miƙa wuya ga kowa ba sai Baƙuraishe, ya kama hannun Umar da na Abu Ubaida ya ce a zaɓi ɗaya. Muryoyi suka tashi, Umar ya ji tsoron rarrabuwa, ya ce wa Abubakar miƙo hannunka, ya yi masa mubaya'a, mutane suka bi. Aliyu da Abbas da sauran iyalan gidan Annabi ba sa wurin, suna can suna hidimar wanka da likkafani.

Umar da bakinsa ya ba da wannan labari a kan mimbarin Madina a ƙarshen rayuwarsa, Bukhari ya kawo shi. A cikin huɗubar ya ce mubaya'ar Abubakar ta zo ne kwatsam ba shiri, amma Allah Ya kare mutane daga sharrinta, ya kuma gargaɗi kowa kada ya sake ƙulla wa wani shugabanci ba tare da shawarar Musulmi ba. Ya faɗi cewa Aliyu da Zubairu da waɗanda ke tare da su sun ja baya a lokacin. Mutumin da ya fara miƙa hannu a Saƙifa bai ji kunyar bayyana wannan a gaban jama'a ba, to mu mene ne namu na rufewa? Sa'adu ɗan Ubada ma, masana tarihi sun kawo cewa bai yi mubaya'ar ba, daga baya ya koma Sham ya rasu a can. Har gobe muna cewa Allah Ya ƙara masa yarda, ba wanda ya fitar da shi daga Musulunci.

Sai maganar Fadak, gonar dabino da ke hannun Annabi. Nana Fatima ta nemi gadonta, Abubakar ya ce ya ji Annabi yana cewa annabawa ba a gadonsu, abin da suka bari sadaka ne. Ta yi fushi, ta ƙaurace masa har ta rasu bayan wata shida, Aliyu ya binne ta da dare. Bayan rasuwarta ne Aliyu ya aika wa Abubakar ya zo gida. Wannan zama yana daga cikin abin da ya fi taɓa min zuciya a tarihin sahabbai. Aliyu ya ce masa mun san falalarka, ba ma hassadar alherin da Allah Ya ba ka, amma kun yanke al'amarin nan ba da mu ba, alhali muna ganin muna da rabo a ciki saboda kusancinmu da Manzon Allah. Idanun Abubakar suka zubar da hawaye, ya rantse cewa sadar da zumuncin dangin Annabi ya fi soyuwa gare shi a kan nasa dangin. Bayan sallar azahar Aliyu ya tashi a masallaci ya yi mubaya'a a gaban kowa. Akwai malamanmu da suka ce ya riga ya yi wata mubaya'ar tun farko, wannan sabuntawa ce. Ko ma wanne ne, ƙorafin Aliyu yana rubuce, hawayen Abubakar ma yana rubuce, a hadisi guda. Masu bidiyo sukan yanko rabin farko su bar na biyu. Mu kuma mun bar duka biyun, shi ya sa rabinsu yake cin kasuwa.

Hujjar da 'yan Shi'a suka fi dogara da ita ta riga Saƙifa da kusan wata uku. A hanyar dawowa daga hajjin bankwana, ranar 18 ga Zulhajji shekara ta 10, Annabi ya tsayar da ayari a wani tafki da ake kira Gadir Khum, kusa da Juhfa, ya riƙe hannun Aliyu ya ce duk wanda nake maulansa, to Aliyu maulansa ne (maula kalmar Larabci ce mai ɗaukar ma'anar shugaba ko majiɓinci). Wannan hadisi ba ƙirƙirar Shi'a ba ne. Imam Ahmad ya kawo shi, Tirmizi ya kawo shi, manyan malaman hadisi sun inganta shi. Muslim kuma ya ruwaito daga Zaidu ɗan Arƙam cewa a wurin Annabi ya yi wasiyya da Littafin Allah, sannan ya ce ina tunatar da ku Allah game da iyalan gidana, har sau uku. 'Yan Shi'a suna fahimtar cewa naɗi ne a fili: ga shugabanku bayana. Suna haɗa shi da hadisin lokacin yaƙin Tabuka, inda Annabi ya ce wa Aliyu matsayinka a wurina kamar na Haruna ne a wurin Musa, sai dai babu annabi bayana. Suna kuma kawo ranar Alhamis ɗin da Annabi, cikin tsananin ciwo, ya nemi a kawo abin rubutu, sahabbai suka yi saɓani a gabansa har aka fasa, abin da Ibnu Abbas ya riƙa tunawa yana kuka.

Malamanmu suna cewa maganar Gadir umarni ce da a so Aliyu a jiɓince shi, domin wasu daga cikin rundunar da ya jagoranta zuwa Yaman sun dawo suna ƙorafi a kansa, Annabi ya wanke shi a bainar jama'a. Suna nuna cewa a ciwon ajali Abubakar aka umarta ya ja mutane salla. Ni abin da ya fi gamsar da ni ma ba waɗannan ba ne, halin Ansar ne a Saƙifa. Da a ce mutanen nan sun ji naɗi ƙarara wata uku da suka wuce, da suka ga shugabancin zai kuɓuce musu ai sai su ce to a bai wa Aliyu kamar yadda aka umarta, tunda ba su da wata riba a fifita Abubakar. Kuma a zaman da Aliyu ya yi da Abubakar, kusanci ya ambata, bai ce an naɗa ni an ƙwace ba. Wannan ita ce fahimtata, na kuma san ɗan Shi'a mai karatu yana da amsar da zai ba ni. Amma in ya kawo hadisin Gadir, gaskiya ita ce in ce masa hadisin ya tabbata, fassara ce muka saɓa. In na ce masa babu hadisin, na yi ƙarya, na kuma ba shi nasara a banza.

A nan ne ainihin rabuwar take. A wurin Shi'a Imamiyya, shugabanci bayan Annabi naɗin Allah ne, ginshiƙi ne na aƙida, imamai goma sha biyu ne ma'asumai, daga Aliyu zuwa na ƙarshe da suka ce ya faku tun shekara ta 260 bayan hijira. A wurin Ahlus Sunna al'amari ne da aka bar wa al'umma ta yi ijtihadi, shi ya sa kowane halifa da hanyar da ya hau: Abubakar a Saƙifa, Umar da wasiyyar Abubakar, Usman ta hannun mutum shida da Umar ya zaɓa, Aliyu kuma bayan an kashe Usman a shekara ta 35, Madina tana hannun 'yan tawaye. Sauran bambance-bambancen, na waɗanne masu ruwaya za a amince da su da na wasu hukunce-hukuncen fiƙihu, daga wannan tushe suka tsiro.

Za a ce min ai malamai sun hana shiga abin da ya gudana tsakanin sahabbai. Gaskiya ne, duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da Ibnu Abi Zaid ya ce kada a ambaci sahabi sai da kyakkyawan ambato, kuma a kame daga abin da ya shiga tsakaninsu. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma malaman da suka ce a kame su ne suka rubuta mana labarin Saƙifa da yaƙin Jamal da yaƙin Siffin na tsakanin Aliyu da Mu'awiya dalla-dalla. Ɗabari ya rubuta, Ibnu Kasir ya rubuta, Bukhari bai goge hadisin Fadak ba. Abin da suke nufi shi ne kada ka zauna kujerar alƙali kana yanke wa Ɗalha ko Mu'awiya hukuncin lahira, kada ka mai da su abin zagi a majalisa. Ba su ce a tashi al'umma ba ta san an yi yaƙin Jamal a shekara ta 36 kusa da Basra ba, Uwar Muminai A'isha a ɓangare guda, Aliyu a ɗaya ɓangaren. A zamanin da ba mai taɓa manyan littattafai sai wanda ya yi shekaru a gaban malami, shiru yana iya kare ɗalibi. Yau kowa da laburare a aljihunsa.

Wasu kuma suna tsoron cewa in yara suka ji sahabbai sun yi saɓani, girmansu zai zube a idonsu. Ni akasin haka nake gani. Wanda aka koya masa cewa sahabbai kamar mala'iku ne, ranar da ya ji labarin Siffin komai nasa zai girgiza. Wanda aka koya masa cewa mutane ne zaɓaɓɓu, masu fushi da kuka da kuskure da yafiya, shi ne zai ji yadda Aliyu ya girmama A'isha bayan Jamal ya mayar da ita Madina da rakiya, ya fahimci irin tarbiyyar da suka samu. Shi ne zai gane nauyin abin da Hassan ɗan Aliyu, jikan Annabi, ya yi a shekara ta 41, da ya sauka daga halifanci ya bar wa Mu'awiya don a daina zubar da jini, kamar yadda kakansa ya faɗa tun yana yaro cewa Allah zai sulhunta manyan rundunoni biyu na Musulmi ta hannunsa.

'Yan uwanmu na Shi'a ma ina da magana da su, kuma ba zan sassauta ta ba. Wanda ya zauna yana tsine wa Abubakar da Umar, ko yana jifan Nana A'isha da mummunar magana, da sunan son Aliyu, sai ya gaya mana a ina ya ga Aliyu ya yi haka. Aliyu ya auri Asma'u 'yar Umais bayan rasuwar Abubakar, ya riƙe ɗanta Muhammadu ɗan Abubakar a gidansa, daga baya ya naɗa shi gwamnan Masar. Cikin 'ya'yan Aliyu akwai Umar, akwai Usman wanda aka kashe tare da Husaini a Karbala. Na san ana cewa wani Usman ɗin aka yi wa takwara, ɗan Maz'un. Ko an karɓi wannan, mutum ba ya raɗa wa ɗansa sunan da ba ya son ji a gidansa. Salmanul Farisi ya yi wa Umar gwamna a Mada'in, Ammar ɗan Yasir ya yi masa a Kufa, su ne kuwa mutanen da Shi'a suka fi ɗaukaka cikin sahabbai. Imam Ja'afarus Sadiƙ, wanda mazhabarsu ke ɗauke da sunansa, mahaifiyarsa Ummu Farwa jinin Abubakar ce, kuma Imam Malik namu ya ruwaito hadisi daga gare shi a Muwaɗɗa. Zaidu ɗan Aliyu ɗan Husaini, da ya tashi yaƙar Banu Umayya a Kufa a shekara ta 122, an nemi ya barranta daga Abubakar da Umar ya ƙi, jama'a da yawa suka watse suka bar shi, ya gwammace ya mutu da 'yan kaɗan. Labarin cewa an fasa ƙofar Fatima har ta yi ɓari, wanda ake sa mutane kuka da shi, malaman Sunna ba su yarda da shi ba, kuma ko cikin Shi'a an sami babban malami irin Muhammad Husain Fadlallah na Labanon da ya nuna shakku a kan yadda ake ba da shi. A 2010 jagoran Iran Ali Khamenei ya ba da fatawar haramta cin mutuncin A'isha da sauran waɗanda Ahlus Sunna ke girmamawa. Mai zagi a Facebook da Hausa ba shi da mafaka ko a wurin manyansa.

Namu laifin kuma bai fi nasu sauƙi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tsoron kada a ce mana 'yan Shi'a ya sa wasunmu suna jin nauyin ambaton falalar Aliyu, wasu har suna neman yi wa Yazidu, wanda aka kashe Husaini a zamanin mulkinsa, kwaskwarima. An kashe jikan Annabi a Karbala ranar 10 ga Muharram shekara ta 61, da 'ya'yansa da 'yan uwansa, bayan an hana su ruwa, aka tafi da matan gidansa Kufa da Dimashƙ. Muna azumin Tasu'a da Ashura, muna cika-ciki, amma masallatai nawa ne ake ba da wannan labari a cikinsu? Mu da ba a haifar tagwaye a gidajenmu sai a kira su Hassan da Husaini, mu da muke yi wa kowane Aliyu kirari da gadanga ƙusar yaƙi, muke tashi tsaye don girmama sharifai, ba mu da dalilin sallama wa wani ɓangare son Ahlul Baiti. Masana tarihi sun kawo cewa an daɗe ana aibata Aliyu a kan mimbarori a zamanin Banu Umayya, har Umar ɗan Abdul'aziz ya hau mulki a shekara ta 99 ya hana, ya sa a riƙa karanta ayar da ke umarni da adalci da kyautatawa a madadin haka. Ita ce ayar da limamai da yawa ke rufe huɗuba da ita har yau, yawancinmu ba mu san dalili ba.

Abin da jahiltar tarihin ke haifarwa mun gan shi da idonmu. A Disambar 2015 sojoji suka yi arangama da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky a Zariya. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ya tabbatar da cewa an binne mutum 347 a rami guda. Mutum yana iya samun ƙorafi na gaskiya a kan ƙungiyar, kamar tare hanya lokacin muzahara da yadda suke mu'amala da hukuma da maƙwabta, ni ma ina da shi. Amma na ji mutane masu salla suna murna, suna cewa ai ba Musulmi ba ne. Cikin waɗanda aka binne akwai mata da yara, 'ya'yan Hausawa da Fulani, masu kalmar shahada, masu kallon alƙibla ɗaya da mu. Wanda ya san cewa Aliyu ya yaƙi Khawarij da suka yi masa tawaye a Nahrawan amma bai hana su masallaci ba kafin su zare takobi, ba zai yi saurin halatta jinin mutum don an saɓa kan wanda ya cancanci halifanci shekara dubu da ɗari huɗu da suka wuce ba. Shehun Azhar Mahmud Shaltut ya ba da fatawa a 1959 cewa mazhabar Ja'afariyya ta Shi'a mazhaba ce da ya halatta a bi, malaman duniya da suka taru a Amman a 2005 kuma suka ce bai halatta a kafirta mabiyinta ba. Ana iya ƙin yarda da su a yi raddi na ilimi, amma ba a ce ba su san addini ba.

Mu a nan muna da namu darasin kusa. Da Shehu Usmanu ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello aka yi wa mubaya'a a Sakkwato, ƙanen Shehu kuma, Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya girme Bello a shekaru kuma kowa ya san zurfin iliminsa, ya iso ya tarar an gama. Ransa ya ɓaci, aka yi shekaru ba a jituwa, sai a Kalambaina, da Bello ya kawo masa ɗauki, suka sasanta Abdullahi ya miƙa wuya. Muna ba da wannan labari a makarantu da gidajen rediyo, wani ya ce Abdullahi ya fi cancanta, wani ya ce Bello, ba wanda ke tsine wa ɗayansu, girmansu kuma bai ragu ba a wurinmu.

Abin da nake nema daga masu tsara manhajar Islamiyyu, na Izala da na ɗariƙu baki ɗaya, shi ne darasin sira kada ya tsaya a wafatin Annabi. Ɗaliban manyan azuzuwa su karanta huɗubar Umar a kan Saƙifa da hadisin Fadak daga Bukhari kai tsaye, su karanta hadisin Gadir da sharhin malamanmu a kansa, a gaya musu abin da Shi'a suke cewa yadda su Shi'ar za su ji su ce e, haka muke faɗa, sannan a kawo amsa. A bi da su ta Jamal da Siffin da sulhun Hassan har Karbala. Wannan zai tilasta wa malaman kansu su koma su yi karatu, domin da yawa daga cikin masu koyarwa a Islamiyyunmu su ma a jerin sunaye huɗun nan aka tsayar da su.